Tsawar Kuku a Talabijin da Tukunyar Mai Tuwo a Tasawa

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok a wayarsa, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin wannan guntun bidiyo ba: wani Bature sanye da farar rigar kuku ya buɗe firjin wani gidan abinci, ya zaro naman da ya fara kore, ya ɗaga shi sama yana zazzaga wa mai gidan masifa, shi kuwa mai gidan ya kafe a kan cewa duk garin babu abincin da ya kai nasa. Ko ba ka jin Turanci ko Faransanci, fuskokin kaɗai sun isa su gaya maka abin da ke gudana. Shi ya sa bidiyoyin suke yawo har a rumfunan cajin waya na Tasawa da Mayahi, ana tura wa juna ana dariya. An yanko su ne daga wasu shirye-shiryen talabijin da suka haura shekara 20 suna tara wa tashoshin Turai da Amurka ƴan kallo. Mu da dafa abincin sayarwa yake riƙe da dubban gidajenmu, ya kamata mu tsaya mu tantance abin: me ke cikinsa na gaskiya, me aka ƙara don armashi, kuma wanne zai amfani mai tuwon bakin tasha?

Daga Ingila abin ya faro. A 2004 tashar Channel 4 ta fara nuna Ramsay's Kitchen Nightmares, inda Gordon Ramsay, shahararren kuku haifaffen Sikotland, yake zuwa gidan abincin da ke gab da durƙushewa, ya yi ƴan kwanaki yana neman ceto shi. Gidan da aka fara da shi sunansa Bonapartes, a ƙaramin garin Silsden na yankin Yorkshire. A 2007 tashar Fox ta Amurka ta ɗauki shirin, ta ƙara masa kiɗa da ihu, ta yi ta nuna shi har 2014, sannan ta dawo da shi a 2023. Faransawa sun yi nasu a 2011 a tashar M6, mai suna Cauchemar en cuisine, da kuku Philippe Etchebest, kuma shi ne waɗanda suka yi lakwal a Nijar suka fi saurin bi saboda harshe. A shekarar dai Robert Irvine ya fara Restaurant: Impossible a Amurka, inda ƙa'idar ita ce a gyara gidan abinci cikin kwana 2 da dalar Amurka 10,000.

Idan ka kalli uku ko huɗu, ka haddace tsarin. Kuku zai zo ya zauna kamar kowane mai saye, a kawo masa abinci, ya ɗanɗana ya yamutsa fuska. Zai shiga madafa ya bankaɗo ƙazanta. Da dare a cika zauren da mutane, aiki ya rikice, ma'aikata su fara kuka. Daga nan sai a zo inda ake so a zo: a zaunar da mai gidan, a yi ta matsa masa har ya karaya, ya yarda cewa shi ne matsalar. Washegari ya tarar an yi fenti, an canza kujeru, an rage jerin abinci daga kala hamsin zuwa goma sha wani abu. A rungumi juna, kuku ya tafi.

Sau da yawa ƙazantar da ake nunawa gaskiya ce. Lokacin da jaridar Evening Standard ta Landan ta rubuta cewa an kitsa wasu abubuwan da aka nuna a Bonapartes, Ramsay ya kai ta kotu, kuma a 2006 jaridar ta nemi afuwa ta biya shi fam 75,000. Amma ba sai an yi ƙarya ake karkatar da labari ba. Masu shirya shirin su ne ke zaɓen gidan da za a je, kuma mai gida mai haƙuri, wanda aka gaya masa kuskurensa ya ce na gode, ba ya riƙe ɗan kallo tsawon minti 40. Suna neman mai taurin kai, mai saurin fushi, wanda ke rigima da matarsa ko ɗansa a gaban ma'aikata. Su ne kuma ke cika zauren da mutane a daren da suka san madafar ba ta saba da irin wannan cunkoso ba. Sannan a ɗauki hoton kwanaki, a kai ɗakin tacewa, a zubar da sa'o'in da aka yi ana magana cikin natsuwa, a bar mintunan da aka yi ana ɗaga murya. Tun a 2007 wani manajan gidan abinci a New York ya shigar da ƙara yana zargin an shirya wasu abubuwa don a kunyata shi, alƙali ya tura maganar ga masu sasanci.

Shirin da ya fi kowanne yin suna shi ne wanda aka nuna a watan Mayu na 2013, a kan gidan Amy's Baking Company da ke Scottsdale a jihar Arizona. Mata da miji ne ke da gidan. An ga suna faɗa da masu saye, an kuma ji cewa mijin ne ke karɓe tukuicin da masu cin abinci ke bar wa ƴan aiki. Ramsay ya tafi bai gyara komai ba, karo na farko a tarihin shirin. Abin lura a nan shi ne, wannan da aka kasa gyarawa shi ya fi jawo wa shirin suna, har yau shi ake ta yaɗawa. Bayan an nuna shi mutane suka yi wa ma'auratan caa a intanet, su ma suka yi ta ramawa da zagi, wasu suka riƙa zuwa gidan don kallon masu shi kawai. A 2015 aka rufe gidan. Ba na kare halin mutanen nan, musamman cin haƙƙin ma'aikata. Abin da nake so mai karatu ya gani shi ne wanda ya ci riba: tasha ta sami ƴan kallo da kuɗin talla, ƴan aikin da aka zalunta kuwa ba shirin ne ya share musu hawaye ba.

To, gidajen da aka ce an gyara fa? Mafi yawan waɗanda aka nuna a Amurka tsakanin 2007 da 2014 sun rufe daga baya, shi ma Bonapartes bai daɗe ba. Adalci shi ne a tuna cewa da ma suna bakin rami aka same su, kuma sana'ar abinci mai wuyar sha'ani ce ko'ina. Wani malamin jami'a mai suna H. G. Parsa da abokan aikinsa sun bi diddigin gidajen abincin birnin Columbus na jihar Ohio daga 1996 zuwa 1999, suka wallafa sakamakon a 2005: kusan kashi 26 cikin 100 sun rufe ko sun canza hannu a shekarar farko, kusan kashi 60 kafin cikar shekara uku. Da suka zauna da masu gidajen, sun tarar cewa nauyin iyali da rashin lokaci na daga cikin abubuwan da ke kayar da mutane, ba ɗanɗanon miya kaɗai ba. Fenti da sabbin kujeru ba sa biyan bashin banki, ba sa biyan kuɗin haya. Wannan ɓangaren ne kyamara ba ta son tsayawa a kai, don lissafi ba shi da daɗin kallo.

Mu dawo gida. A jihar Maraɗi, gundumar Tasawa da ta Mayahi kowacce ta haura mutum 500,000 a ƙidayar 2012, amma gidan abinci irin na talabijin, mai tebura da jerin abinci a rubuce, ƙalilan ne. Abin da muke da shi ya fi wannan yawa da daɗewa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, ya zaga kasuwar garin, ya ɗanɗana tuwon magarya, ya kuma ga ƙore cike da soyayyar fara ana sayarwa. A 1969 Polly Hill ta yi rubutu a kan kasuwancin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu a Batagarawa kusa da Katsina, yara na kai musu talla. A 1977 Claude Raynaut ya wallafa bincikensa a kan ƙauyen Sumarana da ke kusa da Maraɗi, inda ya nuna yadda dafaffen abinci na sayarwa yake da babban matsayi a cin yau da kullum da kuma yadda kuɗi ke zagayawa tsakanin maza da mata. Har yau haka abin yake: mai ƙosai da waina da asuba, mai shinkafa da wake da hantsi, mai dambu da zogale, mai hura da nono, mai awara a ƙofar makaranta, mai shayi da burodi, mai tuwo da magariba, mai tsire da balangu har dare. Mafi yawansu mata ne, kuma da yawa daga cikinsu da wannan tukunyar suke ciyar da ƴaƴa, su sayi magani, su haɗa kayan ɗakin ɗiya.

Su ma sana'arsu na mutuwa, kuma tana mutuwa da yawa, sai dai ba a jin labari. Wata rana kawai za ka zo ka tarar da murhu babu wuta, a ce ai ta huta. Idan ka bincika abin da ya kashe sana'ar, da wuya ka tarar taurin kai ne a sahun gaba.

Na farko bashi ne. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a wurin mai abinci ya fi ƙarfin karin magana. Yaran mota da ƴan kamasho da masu dako suna ci kullum a ce sai an yi lodi. Ma'aikaci ya ci sai ƙarshen wata. Ɗan uwan miji ya zo da baƙonsa, wa zai iya tambayarsa kuɗi? Maƙwabci ya aiko yaro da kwano, a ce a zuba, ana zuwa. Mai abincin ba za ta iya hanawa ba, don gobe da su za ta haɗu a suna da biki da gaisuwar mutuwa, kuma ranar da ta hana, sunan marowaciya ya bi ta. A Landan ko Paris mai saye baƙo ne, ya ci ya biya ya tafi. A garuruwanmu irin Korgom ko Kanambakashe mai saye ɗan uwa ne ko suruki ko abokin mahaifi. Babu kukun da zai zo daga waje ya warware wannan da tsawa.

Na biyu, tukunya ɗaya ce ke ciyar da kasuwa da gida. A ɗauki misali kawai, ba farashin wata kasuwa nake faɗa ba. A ce mace ta kashe jika 10 a cefane: shinkafa, wake, mai, albasa, yaji, itace da ruwan ga-ruwa. Ta fitar da kwano 60, kowane dala arba'in, wato sefa 200. Da za a saye duka a biya, jika 12 ke nan, riba jika 2. Amma yaran gida da maigida sun ci kwano 6, an ci 5 bashi. Abin da ya shigo hannunta sefa 9,800, bai kai abin da ta kashe ba, kuma ba ta sallami yarinyar da ke wanke-wanke ba, ba ta biya tikitin kasuwa ba. Tana ganin kuɗi a ɗaurin zaninta kowace yamma, don haka ba ta san jari ne ke zagwanyewa ba, sai ranar da mai shago ya ce ba zai ƙara ba ta shinkafa ba sai ta biya na baya. Ƙara da rashin lafiyar yaro ɗaya ko gudummawar biki ɗaya, shi ke nan an gama. Ba almubazzaranci ba ne, don ciyar da gidan shi ne dalilin yin sana'ar tun farko. Matsalar ita ce ba a ware shi a lissafi.

Sai kuma abubuwan da ba su hannunta ko kaɗan. Tiyar hatsi da ake saye da sauƙi da kaka, kafin bazara ta ƙare ta yi tsalle, mai tuwo kuwa ba ta isa ta ƙara kuɗin malmala yadda hatsi ya ƙaru ba, sai dai ta rage girmanta, a yi ta yi mata ƙorafi. Masu sayen ma ba su zama wuri ɗaya. Da an gama girbi samari sun tafi ci-rani, wasu Najeriya, wasu Agadas da wuraren haƙar zinariya, wasu har Libiya. Da damina kowa na gona. A nan ma Tasawa da Mayahi ba ɗaya suke ba. Tasawa na kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, motocin safa da na kaya ba sa yankewa, mai abincin bakin hanya na samun baƙon da zai biya nan take. Mayahi, can a bakin Gulbin Kaba, ba ta kan wannan hanyar, don haka cinikin masu abinci da yawa a can da ƙauyukan kewaye ya rataya ne a kan ranar kasuwa, sauran ranakun a yi maneji.

Iyakar Najeriya ma tana cikin tukunyar. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kasuwannin jihar Maraɗi sun ji a jikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ya sake rufe iyakar, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take turowa, wadda wani kasonta ke shigowa wannan yanki daga Katsina ta layin Gazawa. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A tsakanin nan kayan masarufi sun yi tsada, masu sayar da ƙanƙara da lemo da duk mai dogaro da firji sun sha wuya. Wadda sana'arta ta mutu a waɗannan watanni, da wane laifi za a zaunar da ita a gaban kyamara?

Duk da haka, ba zan ce shirin bai da abin koyo ba, kuma ba zan ce mu ba mu da masu wuyar hali ba. Muna da su. Akwai mai abincin da idan ka ce gishiri ya yi yawa, sai ta ce ka je gidanku a dafa maka. Akwai wanda ya buɗe rumfa mai kyau, ya sa talabijin da fanka, amma yana son ya sayar da komai da komai, shinkafa da taliya da dambu da farfesu da soyayyar kaza, a garin da bai da tabbacin wuta, sai ya wayi gari yana ɗumama miyar shekaranjiya. Akwai uwar ɗakin da ke riƙe kuɗin yarinyar da ta wuni tana wanke kwanoni, ko ta cire mata kuɗin farantin da ya fashe, ko ta tura ƴar shekara tara talla tasha a lokacin da sa'o'inta ke aji. Wannan na ƙarshe ya fi ci mini rai, don yarinyar ba ta da bakin magana, kuma ita ce ke ɗauke da asarar da babba ya kasa lissafawa. A kan irin waɗannan, abin da Ramsay da Etchebest ke maimaitawa daidai ne. Ka dafa kaɗan ka iya shi, maimakon da yawa ka ɓata. Ka ɗanɗana abinka kafin ka miƙa wa wani. Ka san nawa kowane kwano ya ci maka. Ka saurari mai saye, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ka biya wanda ya yi maka aiki. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a sa mutum kuka kafin ya fahimta.

Inda na rabu da shirin kwata-kwata shi ne tozarci. A can, wanda aka kunyata yana da ƴar mafita: an yi masa gyaran wuri kyauta, sunan gidansa ya shiga ƙasa duka, ya sa hannu a takarda da saninsa, idan abin ya ƙi yana iya komawa wani gari inda ba a san shi ba. Mai tuwon Maijirgi ko Urafan ba ta da ko ɗaya. Jarinta na gaskiya shi ne yardar mutane cewa hannunta na da tsabta kuma ita mutuniyar kirki ce. Ranar da aka ɗauki hoton bayan rumfarta aka watsa a WhatsApp, ba ciniki kaɗai ta rasa ba. Za a goranta wa ƴaƴanta a makaranta, maganar za ta iya taso wa ɗiyarta ranar da aka zo neman aure, kishiya da dangin miji sun sami abin faɗa. Kuma ba tashar talabijin ake jira ba yanzu. Duk saurayin da ke da waya yana iya naɗa kansa mai binciken abinci, ya shiga rumfa yana ɗaukar hoto ba da izini ba, don ya tara mabiya. Zai kwaikwayi tsawar, don ita ce mai sauƙi. Ilimin girki na shekaru da kuɗin gyaran da ke bayan tsawar kuwa ba ya da su.

Wani zai ce, to a bar masu ƙazanta su yi ta kashe mutane saboda kunya? A'a. Addininmu da ya hore mu da suturta aibin ɗan uwa da yin nasiha cikin sirri, shi ne kuma ya hana ha'inci. Kowa ya san labarin da ya zo a Sahihu Muslim, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen. Da mai kayan ya yi magana, kuma don kare mai saye ya yi. Lafiyar jama'a ba abin wasa ba ce a jihar da kwalara ta yi ɓarna a Madarunfa a 2018, ta kuma dawo a 2021, shekarar da aka ƙirga masu cutar fiye da 5,000 a faɗin Nijar, Maraɗi na cikin inda ta fi tsanani. Ruwan wanke kwano guda da ake amfani da shi tun safe har yamma, naman da ya kwana ba sanyi, abinci a buɗe kusa da kwata, duk suna iya kai mutum kabari. Amma ƙasar na da dokar tsabtar jama'a tun 1993, akwai ma'aikatan duba-gari, akwai hukumar gari, akwai sarkin kasuwa da sarkin fawa. Aikinsu ne su zaga, su gargaɗi, su hana wanda ya ƙi ji. Idan ba sa yi, su ya kamata a matsa wa lamba. Sau da yawa ma maganin ba ya hannun mai abincin: wadda ke sayen kowane jarka daga ga-ruwa dole ta yi tsimin ruwa, famfo ɗaya a tasha zai yi abin da wa'azin tsabta na shekara bai yi ba.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, hanyar gyara irin tamu ta riga ta wanzu, kuma a wannan jihar aka haife ta. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi. Mata ne ke haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanke a asusu, a ba mai buƙata rance, a ƙarshen zango a raba. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da wajenta. Duba abin da yake yi wa mai abinci. Yana cire wani abu daga ɗaurin zani ya kai shi inda buƙatar gida ba za ta cinye shi nan take ba. Yana ba ta jarin sayen hatsi da kaka lokacin da yake da araha. Yana ba ta hujjar da za ta faɗa wa mai neman bashi ba tare da ɓata zumunci ba, cewa kuɗin na ƙungiya ne, ranar zubi na zuwa. Sannan yana zaunar da ita cikin mata irinta, inda wadda ta girme ta a sana'a za ta iya ja ta gefe ta ce, ƙanwata, man nan da kike soya ƙosai ya gaji, canza shi. Wannan maganar tana shiga, don mai faɗin ta gobe ma tana nan, kuma ba ta da ribar da za ta ci da kunyar ƴar uwarta.

Haka ma kilishin Tasawa, wanda matafiya ke tsayawa saye su kai tsaraba Yamai da Damagaram. Sunan da ya yi ba daga wani shiri ya zo ba. Mahauta ne suka gaji aikin, yaro ya tashi yana kallon yadda ake fere nama, a shanya, a tsoma a haɗin ƙuli da kayan yaji, a gasa, maigida na gyara masa hannu har ya ƙware. Yanzu da OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka, ta yi wa kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da ke da asalin ƙasarsa, maganar shanya nama inda ƙura da ƙuda ba za su taɓa shi ba ta ƙara zama dole, kuma ta hannun sarakunan fawa da ƙungiyoyin mahauta za ta fi saurin karɓuwa.

Ba na ƙin a yi shiri a kan sana'ar abinci da Hausa. Ina ma a yi. Tashar Arewa24 ta Kano ta nuna da shirinta na Akushi da Rufi cewa mutanenmu na son kallon girki da harshensu, amma koyar da girki daban, koyar da riƙon sana'a daban, kuma na biyun ne muke da ƙarancinsa. A Tasawa da Mayahi rediyo ya fi talabijin isa ga mai tuwo, don tana iya saurare hannunta na kan muciya, kuma rediyo ba ya nuna fuska. Minti 20 a mako ya isa: a gayyato macen da ta shekara 20 tana sayar da abinci ba ta karye ba, ta faɗi yadda take ware na gida da na kasuwa, yadda take iyakance bashi, yadda take yi da ragowar abinci. A kawo ma'aikacin lafiya ya yi bayanin ruwa da nama. A karanta matsalar wata ba tare da an ambaci sunanta ko unguwarta ba. A yi magana a fili kan haƙƙin yaran da ke aiki a rumfuna.

Don haka ina kira ga masu gidajen rediyon yankin da shugabannin ƙungiyoyin mata da su ɗauki wannan aiki, ga hukumomin gari kuma su fara da ruwa a tasha da kasuwa kafin su fara da tara. Kai kuma ɗan uwa mai waya, idan ka ga abin da bai kamata ba a rumfar da kake cin abinci, mai da wayar aljihu, ka jira mutane su ragu, ka gaya mata tsakaninka da ita. Idan abin na cutar da lafiya ne kuma ta ƙi ji, ka kai maganar ga sarkin kasuwa ko ma'aikatan tsabta. In kuwa tana bin ka kuɗin kwano uku na makon jiya, fara biyan ta tukuna.